Makulli a Bakin Ƙofa: Daga 1961 Zuwa Rumbunan Gajimare

Duk wanda ya tashi a Dakoro ya san aikin zaure. Baƙo yakan yi sallama, a tambaye shi ko wane ne, a shimfiɗa mishi tabarma, amma nan ya tsaya. Sanin sunanshi bai ba shi izinin shiga cikin gida ba, balle ya leƙa rumbu. Tambayoyi biyu ne daban: wane ne kai, kuma ina ne iyakarka? Masu kwamfuta sun fi shekara 60 suna gauraya su, kuma sun sha wuya a kai.

Abin ya faro a jami'ar MIT ta Amurka a 1961. Lokacin nan kwamfuta guda ta cika ɗaki, mutane da yawa ke rabon ta. Fernando Corbató da abokan aikinshi suka tsara yadda kowa zai samu nashi lokaci da nashi ma'ajiya, suka ba kowa kalmar sirri. Ba a je ko'ina ba, a 1962, wani ɗalibi mai neman digirin dakta, Allan Scherr, ya ga awa 4 da aka ba shi a mako ba su isar shi. Bai fasa komi ba fa. Ya dai roƙi na'urar ta buga mishi fayil ɗin da ke ɗauke da kalmomin sirrin kowa, ita ko ta buga, don babu wanda ya taɓa gaya mata cewa wanga fayil ba na kowa ba ne. An tsare ƙofar gida, an bar rumbu buɗe.

Yanzu ana cewa "gajimare". A matsayina na mai karatun harshe, kalmar tana ba ni haushi, don tana sa mutum ya zaci abin a sama yake, nesa da hannun ɓarawo. Alhali kwamfutoci ne na haya, jibge a manyan ɗakuna na kamfanoni irin Amazon, wanda ya fara ba da hayarsu gadan-gadan a 2006. Masu rubuta manhaja suka koma can da aikinsu. Rubutun yana GitHub, bayanan jama'a suna wurin Amazon, abin da ke haɗa su kuwa wani dogon jerin haruffa ne da suke kira makulli. Makullin ƙarfe in an sace shi, za ka laluba aljihu ka ji babu. Wannan kwafe shi ake yi, naka yana nan hannunka, ba ka san an yi ba.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Code Spaces, kamfanin da sana'arshi ke nan: adana wa masu manhaja aikinsu. Ranar 17 ga Yuni 2014 wani ya samu shiga allon da suke sarrafa dukan kayansu na Amazon, ya bar musu saƙo yana neman kuɗi. Suka yi abin da kowa zai yi, suka canza kalmar sirri. Ashe mutumin ya riga ya buɗe wa kanshi wasu ƙofofi da sunaye daban. Da ya ga suna ƙoƙarin korar shi, sai ya shiga gogewa. Cikin kamar awa 12 mafi yawan abin da suka tara ya tafi, har da kwafin da suka ajiye don ranar tsiya, domin shi ma yana ƙarƙashin makulli guda da sauran. Manomi a Kornaka ba ya haɗa iri da hatsin ci a buhu guda, ya san dalili. Su kam sun haɗa. Kamfanin ya rufe, bai sake tashi ba.

Na Uber kuma, 2016 ne. Wasu suka shiga ma'ajiyar injiniyoyin kamfanin a GitHub, suka tarar da makullin Amazon kwance a cikin rubutun manhaja, suka kwashi bayanan mutum miliyan 57, fasinjoji da direbobi. Kamfanin ya biya su dala 100,000 ya yi gum, sai a Nuwamba 2017 maganar ta fito. A 2022 kotu a Amurka ta samu tsohon shugaban tsaron kamfanin, Joe Sullivan, da laifi kan ɓoye lamarin.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu, da ko rezo sai an hau tudu? Ruwanmu ne. Ƴan uwanmu da ke koyon ilimin kwamfuta a Maraɗi da Yamai a GitHub ɗin nan suke ajiye aikinsu, kuma gobe su ne za su rubuta wa asibiti da mairi da masu aika kuɗi manhaja. Al'adarmu ta aro kuwa kun san ta: mutum biyar, asusu guda, kalmar sirri tana yawo a WhatsApp, wanda ya bar rukunin bara har yau yana iya shiga. Zumunci ne, na yarda. Amma sunayen da za a zuba a ciki na iyayenmu ne, da lambobinsu, da cutar da ta kai su likita. Tun 2017 Nijar ke da dokar kare bayanan mutum, sai dai doka ba ta karanta rubutun manhaja layi-layi.

Kuma ba sai da ɓarawo mai wayo ba. A Disamba 2017 wani ɗan kwangila da ke yi wa Toyota aiki ya ɗora wani sashe na manhajar T-Connect a GitHub, a fili inda kowa ke gani, da makullin ma'ajiyar bayanai a ciki. Adireshin imel na mutum kusan 296,000 ke bayan wannan ƙofa. Babu wanda ya lura a kamfanin sai a Satumba 2022, shekara kusan 5 ke nan. Da suka fito yin bayani, sai suka ce ba su ga alamar an shiga ba, amma ba za su iya rantsewa cewa ba a shiga ɗin ba.