Tarihin Sashen Gwajin Magunguna na Jami'ar Oxford

A shekarar 1975 aka kafa wani ɗan ƙaramin sashe a Jami'ar Oxford ta ƙasar Ingila, wanda aka fi sani da gajeren sunansa na CTSU. Aikinsa shi ne gwada magunguna a kan marasa lafiya domin a tantance wanda ke ceton rai da wanda suna kawai ya tara. Ba shi da masana'antar harhaɗa magani, ba shi da asibiti na kansa. Jarinsa ƙwararrun masu lissafi ne da likitoci, da wata fahimta guda da suka riƙe tun daga farko: mafi yawan magungunan da ke da amfani, amfanin nasu matsakaici ne, kuma idon likita ɗaya, komai ƙwarewarsa, ba ya iya gano matsakaicin amfani. Sai an tara dubban marasa lafiya, an raba su ta hanyar ƙuri'a, an ƙirga waɗanda suka rayu da waɗanda suka rasu, sannan gaskiya ke fitowa. Tarihin wannan sashe hujja ne a kan cewa irin wannan aiki ya fi dacewa da jami'a, wadda za ta iya gwada tsohon magani mai araha, ta kuma faɗa wa duniya sakamakon ko da bai yi wa kowa daɗi ba.

Tushen abin ya girmi sashen. A 1948 Hukumar Binciken Lafiya ta Birtaniya ta wallafa gwajin da ta yi na wani sabon maganin tarin fuka a kan mutum 107, inda masanin lissafi Austin Bradford Hill ya tsara a raba majinyata ta hanyar ƙuri'a, ta yadda likita ba shi da ta cewa kan wanda zai samu maganin. Wannan Hill ɗin ne ya haɗu da Richard Doll suka nuna a 1950 cewa shan taba na haddasa sankarar huhu, sannan a 1951 suka fara bin diddigin lafiyar dubban likitocin Birtaniya, binciken da aka shafe shekara 50 ana yi. Da aka naɗa Doll babban farfesan likitanci a Oxford a 1969, sai ya taho da wani matashin masanin lissafi mai suna Richard Peto, kuma a hannun Peto aka aza harsashin sashen bayan shekara shida. Rory Collins ya shigo a 1981, ya zama abokin shugabancin Peto a 1985. A 1984 Peto da Collins da Salim Yusuf suka rubuta wata maƙala da ta zama kamar kundin tsarin mulkin gidan, inda suka kafa hujjar buƙatar manyan gwaje-gwaje masu sauƙin gudanarwa.

Hujjar tasu ba ta da wuyar ganewa. A ɗauka wata cuta tana kashe mutum 10 cikin 100, sai aka samu maganin da zai mayar da su 8. Likitan da ya duba majinyata ɗari a shekara ba zai taɓa lura da wannan bambanci ba, domin sa'a kaɗai kan iya sa bana a rasa bakwai, baɗi a rasa goma sha biyu. Gwajin da aka yi da mutum ɗari biyu ko ɗari uku shi ma haka zai ruɗe. Amma idan cutar tana kama miliyoyin mutane duk shekara, wannan ɗan bambanci na nufin dubun-dubatar rayuka. Saboda haka suka ce a rage yawan tambayoyi da takardu, a sauƙaƙa wa likitan da aiki ya yi wa yawa shigar da majinyaci cikin gwaji, a faɗaɗa zuwa ɗaruruwan asibitoci, a kuma auna abin da ba a gardama a kansa, wato mutuwa ko rayuwa. A gwaje-gwajensu na farko, likita kan buga waya ne kawai, ko dare ko rana, ya ba da ɗan bayanin majinyaci, a faɗa masa lambar maganin da ƙuri'a ta fitar, sannan ya cike takarda mai shafi ɗaya ranar sallama.

Gwajin da ya ɗaga sunan gidan shi ne wanda ake kira ISIS-2, da aka wallafa a mujallar Lancet a 1988, tare da haɗin gwiwar likitan zuciya Peter Sleight. An shigar da mutum 17,187 da ake zaton bugun zuciya ya same su, a asibitoci 417 na ƙasashe 16. An gwada abu biyu: allurar narkar da gudan jini mai suna sitireftokinas, da ƙwayar asfirin ta yau da kullum har tsawon wata guda. Cikin mako biyar, waɗanda ba su samu ko ɗaya ba sun rasu da kashi 13.2 cikin ɗari, waɗanda suka samu duka biyun kuwa kashi 8 ne. Asfirin shi kaɗai, maganin da ya kusa shekara 90 a kasuwa kuma babu kamfanin da zai yi arziki da tallarsa, ya rage mutuwa da sama da kashi ɗaya cikin biyar. Wani nazari a tsakanin likitocin Birtaniya ya nuna masu ba da irin wannan ƙwaya ga duk wanda bugun zuciya ya sama sun tashi daga kashi 9 cikin ɗari a 1987 zuwa kashi 84 a 1989. Shekara biyu kacal suka isa a sauya al'adar asibitocin ƙasa guda, domin sakamakon ya fi ƙarfin musu.

Muhimmancin manyan gwaje-gwaje ya ƙara bayyana a wuraren da amsar ta zo da a'a. Ƙananan gwaje-gwaje da dama sun nuna kamar allurar sinadarin maganisiyam na rage mutuwa sosai bayan bugun zuciya, har likitoci sun fara karkata gare ta. Sai ISIS-4 ya gwada ta a kan mutum 58,050, aka wallafa a 1995, kuma ba a ga wani amfani ba. Haka nan a 2002 gwajin kare zuciya na mutum 20,536 ya nuna ƙwayar rage kitsen jini mai suna simbastatin tana rage bugun zuciya da shanyewar jiki da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu, har ga waɗanda kitsen jininsu bai yi yawa ba, amma a gwajin guda aka gano bitamin E da C da ake ta yabo ba su hana komai ba. A ɓangaren sankarar mama kuwa, tun tsakiyar shekarun 1980 sashen ya shawo kan masu bincike na ƙasashe daban-daban su haɗa ainihin bayanan matan da suka shiga gwaje-gwajensu a wuri guda, kuma daga nan aka tabbatar cewa shan tamoksifen na shekara biyar yana rage mutuwa daga cutar da kusan kashi ɗaya cikin uku ga matan da irin sankararsu ke jin maganin. Da wannan suna gidan ya bunƙasa: ya koma sabon gini mai sunan Richard Doll a 2005, shekarar da Doll ya rasu, ya haɗa kai da ƙasar Sin wajen tattara bayanan lafiyar mutum sama da 500,000 daga 2004 zuwa 2008, sannan a 2013 ya zama ginshiƙin babban sashen nazarin lafiyar al'umma na jami'ar.

Ranar da aka ga amfanin wannan dogon shiri ita ce ranar da annobar korona ta sauko. A watan Maris na 2020 asibitoci sun cika, kowa na ba da maganin da ya ji an ambata, kuma jita-jitar kulorokwin ta zagaye duniya har ta kai mutane a Najeriya suna rububin sayensa. Martin Landray na wannan sashe da Peter Horby, masanin cututtuka masu yaɗuwa, suka tsara gwajin RECOVERY bisa salon ISIS, Jami'ar Oxford ta ɗauki alhakinsa. Cikin kwana tara da rubuta tsarin aka shigar da majinyaci na farko, kuma asibitoci 176 na Birtaniya suka shiga. A farkon Yuni aka sanar cewa haidiroksikulorokwin, ɗan'uwan kulorokwin, ba ya rage mutuwar waɗanda aka kwantar. Ranar 16 ga Yuni aka sanar da sakamakon deksametason, tsohon magani mai arha: an ba mutum 2,104, aka kwatanta da 4,321 da ba a ba ba. A cikin waɗanda ke kan na'urar numfashi mutuwa ta sauka daga kashi 41.4 zuwa 29.3 cikin ɗari, ga masu shaƙar iskar oksijin ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar, amma ga waɗanda ba su buƙatar oksijin bai amfana ba ko kaɗan. Hukumar lafiya ta Ingila ta ƙiyasta a Maris na 2021 cewa maganin ya ceci kimanin mutum miliyan ɗaya a duniya. Wannan sauri ya samu ne saboda an shekara 45 ana goge hanyar, kuma da ma Hausawa sun ce da sanyin safiya ake kama fara.

Akwai masu ƙorafi, kuma ƙorafinsu na da nauyi. Na farko shi ne na ɗa'a: yaya za a bar ƙuri'a ta yanke wa marar lafiya maganin da zai sha? Mutanen Kano ba sa buƙatar a yi musu bayanin wannan tsoro, ganin abin da ya biyo bayan gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara kimanin 200 lokacin annobar sanƙarau ta 1996, da shari'ar da ta kai ga sulhu da gwamnatin jihar a 2009, inda batun neman yardar iyaye ya kasance a tsakiyar rigimar. Darasin da ke ciki shi ne dole a samu cikakkiyar yarda, da sahihin izinin kwamitin ɗa'a, da kwamiti mai zaman kansa da ke duba sakamako ana cikin gwaji domin ya dakatar da shi idan cutarwa ko amfani ya fito fili. Idan waɗannan sharuɗɗa sun cika, kuma likitoci da gaske ba su san wanne ya fi ba, ƙuri'a ba ta zalunci kowa ba. Wanda aka ba maganin da ba a taɓa gwadawa ba shi ma gwaji ake yi a kansa, sai dai babu mai ƙirgawa, babu kuma darasin da na bayansa za su samu.

Ƙorafi na biyu shi ne na kuɗi. Gaskiya ne kamfanonin magani sun zuba maƙudan kuɗi a wasu gwaje-gwajen sashen, kuma a rigimar da aka yi a Birtaniya wajen 2014 kan illolin ƙwayoyin rage kitsen jini, an zargi masanan Oxford da rashin buɗe wa wasu ainihin bayanan da ke hannunsu. Wannan koke na neman a buɗe bayanai yana kan hanya, kuma babu jami'ar da ta fi ƙarfin a bincike ta. Sai dai ana auna 'yancin mai bincike da abin da ya yi ranar da sakamako ya saɓa wa mai ba da kuɗi. Sashen yana da dokar hana ma'aikatansa karɓar ladan shawara daga kamfanonin magani, kuma shi ke riƙe da bayanai da nazarinsu. Kamfanin Merck ya biya kuɗin gwajin wani haɗin maganinsa mai sinadarin niyasin a kan mutum 25,673, sakamako ya nuna bai rage bugun zuciya ba, ga kuma illoli, aka janye shi daga kasuwa a farkon 2013.

Ƙorafi na uku shi ne cewa sakamakon dubban mutane matsakaici ne, alhali likita mutum ɗaya yake dubawa, kuma abin da aka gani a Turai ba lallai ya dace da Afirka ba. A kan rabin farko, marubutan ISIS-2 sun ba da amsa mai ban dariya: sun rarraba majinyatansu bisa burujin haihuwa, sai lissafi ya nuna wai asfirin ba ya amfanar 'yan burujin Jauza'u da Mizan. Sun yi haka ne don su nuna cewa duk wanda ya yayyanka bayanai ƙanana-ƙanana zai ci karo da ƙaryar da sa'a ta haifa, don haka jimillar sakamako ta fi zama madogara sai in akwai ƙwaƙƙwaran dalili. A kan rabi na biyu kuwa masu ƙorafin na da gaskiya, kuma maganinsa shi ne a yi irin gwajin a inda cutar take. An yi hakan ya kuma yi aiki: wata cibiyar Oxford da ke Tailan ta jagoranci gwajin yara 5,425 masu zazzaɓin cizon sauro mai tsanani a ƙasashen Afirka tara, har da Najeriya da Gana, aka wallafa a 2010. Mutuwa ta kasance kashi 10.9 cikin ɗari ga waɗanda aka ba maganin kwinin, kashi 8.5 ga waɗanda aka ba maganin atesunet, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya shawararta a 2011.

Abin da sashen Oxford ya rayu a kai ba ya buƙatar na'urori masu tsada: tambaya guda mai muhimmanci, asibitoci masu yawa da suka yarda su yi aiki tare, rajista mai kyau ta wanda ya rayu da wanda ya rasu, da hukumar da ba ta cin riba daga amsar. Asibitocin koyarwa na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai suna ganin dubban masu hawan jini, da sikila, da jijjigar masu juna biyu, da tamowa, kuma yawancin tambayoyin da suka shafi waɗannan majinyata babu kamfanin da zai biya a amsa su. Ya kamata jami'o'inmu da gwamnatocin da ke ba su kuɗi su ware kaso na dindindin domin irin wannan aiki, su haɗa asibitocinsu a tsari guda, su kuma wallafa duk abin da suka gano, ko maganin ya ci jarrabawa ko ya faɗi.