Sarkin Burmin Jabo da Ma'anonin Kalmar Sarki a Ƙasar Sakkwato

Duk wanda ya karanta sunayen hakiman ƙasar Sakkwato a jere, ba zai rasa tsayawa a kan waɗansu ba. Hakimin Tambuwal dai Sarkin Tambuwal a ke ce masa, wannan ba shi da wuyar ganewa. Amma maƙwabcinsa na Jabo Sarkin Burmin Jabo ne. Na Yabo kuwa Sarkin Kabin Yabo, alhali kowa ya san Sarkin Kabi a Argungu ya ke zaune. Nufin wannan takarda shi ne a rarrabe ma'anonin da kalmar sarki ta ke ɗauka a cikin irin waɗannan laƙabai, domin malamin da ya ɗauke ta da ma'ana guda lalle zai karkatar da tarihi a gaban almajiransa.

Ta fuskar nahawu, kalmar ba ta cika ma'anarta sai an liƙa mata harafin -n, an biyo da wani suna. Wannan suna na biyu shi ne ke nuna abin da a ke sarauta a kansa, kuma iri uku ne: ko wuri, ko jama'a, ko sana'a.

Na farko shi ne mafi sauƙi. Tambuwal ribaɗi ne wanda Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna a ciki, zuriyarsa suka gaji riƙonsa, sarautar ta tafi da sunan garin.

Na biyu shi ne inda a ke ruɗewa. A cikin Sarkin Burmin Jabo akwai haɗi biyu: na farko ya danganta sarkin ga Burmawa, na biyu ya faɗi mazauninsa. Don haka ne a ke da Sarkin Burmin Jabo, a ke kuma da Sarkin Burmin Bakura, ba wanda ya shiga gonar wani. Sarkin Musulmi ma a wannan aji ya ke. Da jama'a suka yi wa Shehu mubaya'a a Gudu cikin 1804, Amirul Muminina suka kira shi, wato shugaban masu imani, ba a ambaci wata ƙasa ba. Hausawa suka fassara shi da kalmar da ke bakinsu.

Yaƙe-yaƙen jihadi suka ƙara wa wannan aji wani reshe. Birnin Kabi ya faɗi cikin 1805, Alƙalawa cikin 1808, amma gidajen sarautar ba su mutu ba. Kabawa suka sake kafuwa a Argungu, Gobirawa a Tsibiri, Katsinawa a Maraɗi, kowane ya riƙe laƙabinsa. A wancan gefe kuma masu jihadi suka riƙa amfani da laƙaban nan ga nasu mutane. Gidan Muhammadu Moyijo na Yabo, wanda ya taimaki Shehu tun da wuri, shi ke riƙe da Sarkin Kabi. A Gusau akwai Sarkin Katsina, a Gwadabawa da Isa akwai Sarkin Gobir. Ashe laƙabi ɗaya ya kan zama gado a wurin wani, a wurin wani kuma shaidar rinjaye ko ta riƙon wani yanki na tsohuwar ƙasar. Almajirin da ba a faɗa masa haka ba zai zaci Sarkin Kabin Yabo jikan Kanta ne.

Akwai abin lura game da ra'ayin Shehu kansa. A cikin Kitabul Farƙi ya lissafa sunayen muƙamai irin su Galadima da Ubandawaki a cikin al'adun mulkin da ya ke suka, ya kuma nuna muƙaman da shari'a ta sani, kamar waziri da alƙali. Duk da haka, idan aka duba masu zaɓen Sarkin Musulmi za a ga harsuna huɗu sun zauna a majalisa ɗaya: Waziri da Sa'in Kilgori daga Larabci, Galadiman Gari daga Barbarci, Arɗon Shuni da Arɗon Dingyaɗi daga Fillanci, Magajin Gari da Magajin Rafi da Sarkin Yaƙin Binji daga Hausa. Mulki ya sake hannu, amma bakin jama'a bai saki kalmominsa ba.

Na uku shi ne sarautar sana'a, inda iko da gwaninta suka gamu. Sarkin Maƙera, Sarkin Pawa, Sarkin Aska da Sarkin Ruwa ba su da ƙasa. Aikinsu shi ne tsayawa tsakanin masu sana'a da fada, da raba gardama, da tara mutane in sarki yana da bukata. Sarkin Noma kuwa a al'adar da sai ya nuna ƙwazo, har a kan ce sai wanda ya ɗaure dami dubu. Daga nan kalmar ta zame ta shiga maganar yau da kullum, aka sami sarkin surutu da sarkin ƙarya, inda ba sauran iko sai fifiko kawai.

Irin wannan zamewa ta sami laƙaban ilmi. Malam asalinsa mai koyarwa ne a Larabci, amma ya yaɗu har ya zama abin da a ke kiran kowane namiji da shi don ladabi. Da ya yi araha haka, masu ilmi suka ƙara riƙe Gwani da Alaramma da Shehu, 'yan boko kuma suka kawo Dakta da Farfesa. Wani laƙabin kuma ƙuntata ya ke yi. An naɗa Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato cikin 1938, ya zama Firimiyan Jihar Arewa cikin 1954, har ya zamana in an ce Sardauna kurum, ba a tambayar wane ne.

Sauran abu guda, laƙabi ba ya faɗin daraja. Bayan Turawa sun ci Sakkwato cikin 1903 sun tsara ƙasar gunduma-gunduma, sarakuna da yawa suka zama hakimai ba tare da an taɓa sunayensu ba. Bayan an ƙirƙiro Jihar Zamfara cikin 1996 aka ɗaga Bakura ta zama masarauta mai cin gashin kanta, Jabo kuwa ta ci gaba da zama ƙarƙashin Sarkin Musulmi. Laƙabi ɗaya, matsayi biyu.

Saboda haka ya kamata malamin Hausa ko na tarihi ya saba wa almajiransa da tambayoyi uku a kan kowace sarauta: sarkin mene ne, wa ya naɗa shi, kuma a wane zamani? Zai yi kyau kuma ɗaliban kwalejojin horon malamai su rubuta jerin sarautun garuruwansu daga bakin dattawa da maroƙan fada tun suna raye, gama abin da ke cikin waɗannan sunaye bai shiga littattafai duka ba.