Tseren karnuka: Muhawarar da ake yi kan kiwon karnuka don gudu da caca

Greyhound shi ne nau'in karen da ya fi kowane kare gudu a duniya, domin yakan kai gudun kusan kilomita 70 a awa guda. Siriri ne, mai dogayen ƙafafu da faffaɗan ƙirji, kuma da ido yake farauta maimakon sansana ƙasa. A ƙira yana kama da karnukan Azawak da makiyayan Nijar da Mali ke kiwo.

Wannan baiwa ce ta sa aka mayar da shi dabbar tsere, kuma ita ce ta jefa shi cikin muhawarar da ta sa ƙasashe da dama suka rufe filayen wasan.

Asalin wasan

Tseren karnuka na zamani ya fara ne a 1919 a garin Emeryville da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, inda Owen Patrick Smith ya ƙera zomo na roba da inji ke ja a kan dogo, karnuka na bin sa. A 1926 aka buɗe filin Belle Vue a Manchester, wanda shi ne na farko irinsa a Birtaniya.

Wasan ya samu karɓuwa wajen ma'aikata masu ƙaramin ƙarfi, kuma tun farko da caca yake tafiya. Har yau kuɗin da masu caca ke zubawa ne ke riƙe da harkar.

Matsalar yawan haihuwa

Ba a iya gane kwikwiyon da zai yi fice tun yana jariri, saboda haka masu kiwo kan sa a haifi masu yawa domin a zaɓi 'yan kaɗan. Waɗanda gudunsu bai kai ba, ko suka ƙi bin zomon roba, sai su zama nauyi a kan mai su.

Ko wanda ya yi nasara ma, kwanakinsa a fili ƙididdigaggu ne. A Birtaniya kare na iya fara tsere yana da wata 15, kuma yawanci yana daina gudu yana da shekara huɗu zuwa biyar, alhali yana iya rayuwa fiye da shekara 12. Tambayar ita ce wa zai ɗauki nauyin ci da maganinsa a sauran shekarun.

A 2016 wani kwamitin bincike a jihar New South Wales ta Ostireliya, ƙarƙashin tsohon alƙali Michael McHugh, ya ƙiyasta cewa an kashe karnuka tsakanin 48,891 zuwa 68,448 cikin shekara 12 saboda ana ganin ba su da amfani a tsere.

A Ayalan, inda ake haifar mafi yawan karnukan da ke tsere a Birtaniya, wani binciken gidan talabijin na RTÉ a 2019 ya ce ana kashe kusan karnuka 6,000 a kowace shekara kan wannan dalili.

Raunuka a fili

Filin tseren zagaye ne mai siffar ƙwai. Karnuka shida a Birtaniya, ko takwas a Ostireliya, kan tashi lokaci guda, kowanne yana neman kusantar zomon, sai su cunkushe a kwanar farko cikin matsanancin gudu. A nan ne aka fi samun karo da karaya, musamman a ƙafafun baya.

Alƙaluman hukumar GBGB mai kula da wasan a Birtaniya sun nuna cewa a 2023 an samu raunuka sama da 4,000, kuma karnuka fiye da 100 sun mutu a filayen tsere.

Akwai kuma batun horo. A 2015 shirin Four Corners na tashar ABC ta Ostireliya ya nuna hotunan sirri na masu horarwa suna ɗaure zomaye da 'ya'yan alade masu rai a jikin injin, domin karnuka su yayyage su, da nufin ƙara musu zafin bin abin farauta.

Hujjar masu goyon baya

Masu kiwo da masu horarwa na cewa gudu ɗabi'ar karen ce, babu wanda ke tilasta masa, kuma laifin wasu tsiraru bai kamata ya shafi kowa ba. Suna nuni da cewa akwai likitan dabbobi a kowane fili mai lasisi, kuma ana yi wa karnukan alama a kunne tare da dasa musu 'yar na'urar shaida don a san inda kowanne ya ƙare.

A 2020 hukumar GBGB ta ɓullo da tsarin ajiye fam 400 kan kowane kare, rabi daga mai shi, rabi daga hukumar, domin a samar masa gida idan ya daina tsere. Suna kuma cewa haramci zai raba dubban mutane da abincinsu.

Masu adawa na amsa cewa son gudu daban, gudu a kwana mai hatsari don cacar wani daban. A ganinsu, muddin riba ce ke yanke hukuncin yawan karnukan da za a haifa, to dole a samu rarar da ba a buƙata. A 2022 ƙungiyoyin RSPCA da Dogs Trust da Blue Cross, waɗanda suka daɗe suna aiki da hukumar don kawo gyara, suka nemi a kawo ƙarshen wasan baki ɗaya.

Matakan da gwamnatoci suka ɗauka

Jihar New South Wales ta sanar da haramta wasan a watan Yulin 2016, amma ta janye bayan wata uku saboda matsin lambar siyasa. An rufe filin Canidrome na Macau a 2018, aka bar karnuka sama da 500 da sai da aka nema musu gidaje a ƙasashen waje.

A watan Nuwamban 2018 kusan kashi 69 cikin 100 na masu zaɓe a Florida suka amince a daina tseren, wanda ya tsaya a ƙarshen 2020. Filayen da suka rage a Amurka biyu ne kacal, dukansu a West Virginia.

New Zealand ta sanar da nata haramcin a watan Disamban 2024, sai yankin Wales na Birtaniya a watan Fabrairun 2025. Gwamnatin New Zealand ta ba da wa'adin wata 20 kafin rufe filayen, domin a samu lokacin nema wa kimanin karnuka 2,900 masu riƙo, kuma ta yi dokar gaggawa da ta hana a kashe su ba tare da amincewar likitan dabbobi ba.