Hob, Suwic da Rauta: Yadda Kowanne Ke Tafiyar da Bayanai

Duk wanda ya shiga kasuwar kwamfuta ta Ikeja neman kayan haɗa intanet a shago ko ofis zai ga ƙananan akwatuna masu ramukan waya a jere. Kamanninsu ɗaya ne, amma aikinsu daban, kuma sayen wanda bai dace ba asarar kuɗi ne.

Kwamfuta ba ta aika saƙo a dunƙule. Yayyanka shi take gutsure-gutsure, kowane gutsure ɗauke da adireshin mai aikawa da na mai karɓa. Abin da na'ura ke yi da adireshin nan shi ne bambancin.

Hob: Ba ruwansa da adireshi. Abin da ya shigo ta rami ɗaya sai ya watsa wa sauran ramukan duka, kamar sankira a kasuwa. In kwamfuta biyu suka aika saƙo lokaci guda sai saƙonnin su yi karo, a sake aikawa, aiki ya yi nawa. Ga shi kuma wanda ya san kan abin zai iya leƙa bayanan wani. Yanzu an daina yayinsa, ko da araha kada ka saya.

Suwic: Kowace na'ura tana da lambarta, wato adireshin MAC. Suwic yana haddace wace lamba ke kan wane rami, sai ya kai saƙo ga mai shi kaɗai. In bai san ramin ba tukuna, yakan aika wa kowa, da amsa ta dawo sai ya riƙe.

Rauta: Ita ce ƙofar fita waje. Da adireshin IP take aiki, irin 192.168.1.1. Tana raba wa wayoyi da kwamfutocin gida adireshi, ta fitar da su intanet da adireshi guda, in amsa ta dawo ta miƙa wa wanda ya nema. Yawancin rautocin gida suna haɗe da ƙaramin suwic da Wi-Fi.

Saboda haka in ramuka suka kasa maka, suwic za ka ƙara, ba wata rauta ba. Kada tsawon waya ɗaya ya wuce mita 100. Kada kuma ka jona bakin waya biyu a suwic ɗaya, don saƙo zai yi ta zagaye har komai ya tsaya cak.