Kansar furostet da ta daina jin allurar homon: magungunan da suka rage

Kansar furostet, wato ƙaramar gaɓar da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, tana girma ne da sinadarin testosteron. Shi ya sa idan ta bazu ake wa majiyyaci allurar da ke danne sinadarin, ko a cire maraina. Bayan wani lokaci cutar kan saba, awon PSA ya ci gaba da hawa duk da testosteron ya yi ƙasa da 50 ng/dL. A asibitocin Nijar, Kamaru da Chadi za ku ga an rubuta "résistant à la castration" a takardar. Ko a wannan mataki ba a dakatar da allurar, ƙara mata wani magani ake yi.

Docetaxel, wanda aka amince da shi a 2004, ana sa shi ta jijiya duk mako 3. Yana zubar da gashi, yana kuma rage ƙwayoyin jini masu kare jiki, don haka duk wanda zazzaɓi ya kama bayan ƙarin ruwan ya garzaya asibiti, kada ya tsaya shan maganin maleriya a gida.

Akwai kuma na haɗiya: abiraterone da enzalutamide. Abiraterone ne ya fi sauƙin samu, ganin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin muhimman magunguna a 2019, kuma kamfanoni da dama na yin sa. Ana shan 1,000 mg a rana kafin cin abinci, tare da prednisone, ana bibiyar hawan jini da hanta. Wani bincike na 2018 ya nuna 250 mg da karin kumallo marar maiƙo sosai na sauke PSA kusan haka. Wannan babban rangwame ne ga aljihu, amma likita ne zai yanke. Idan ɗayan biyun ya gaza, da wuya ɗayan ya yi tasiri sosai. Cabazitaxel ya fi amfani ga wanda ya riga ya karɓi docetaxel.

Olaparib na masu canjin ƙwayar gado irin BRCA ne. Radium-223 da lutetium-177 kuwa sai manyan cibiyoyi, ga tsada.

Galibi ƙashi cutar ke kamawa. Gashin haske, ko da zama ɗaya ne, yakan rage zafin, zoledronic acid kuma yana rage karaya, amma a duba haƙora tukuna. Sabon ciwon baya mai tsanani da raunin ƙafafu ko kasa riƙe fitsari alama ce ta danne laka. A kai mutum asibiti a ranar.