Kuɗin Magani a Ƙasar Hausa, Jiya da Yau

Wanda duk ya bi diddigin al'amarin jinya a ƙasar Hausa, tun daga zamanin da babu asibiti ko ɗaya tsakanin Kwara da Tafkin Cadi har zuwa yau da ake fiɗa a Kano da Zariya da Sakkwato da Maraɗi, zai tarar cewa, ban da ci gaban ilmin likitanci, wanda ba mai musunsa sai jahili, akwai wani sauyi da ya auku sannu a hankali ba tare da shela ba, wanda kuma shi ne ya fi gallabar talaka. A dā mai magani yakan fara aikinsa, daga baya a sallame shi gwargwadon ƙarfin mai ciwo. Yanzu kuwa sai an biya ake farawa, kuma farashi ɗaya ne ga attajiri da ɗan dako.

Masu magani na dā mutanen gari ne, kowa ya san gidansu, ya san iyayen da suka gada. Kowane gida yana da wanzaminsa, wanda zai zo ran suna ya yi wa jariri aski, ya cire masa beli, in ya girma shi zai yi masa kaciya, in jiki ya yi nauyi kuma shi zai zo da zabirarsa ya zaunar da mutum a inuwa, ya tsaga fata, ya kafa ƙaho ya zuƙi mataccen jini. Ba a ciniki da shi a kan kowane aiki, domin an san ranar ladansa: yana da rabo a naman suna, yana da abin da mata ke zubawa a ƙwarya sa'ad da yake aski, da kaka kuma akan kai masa damin gero ko na dawa. Haka ungozoma take samun hatsi da sabulu da nama bayan ta gama hidimar mai jego. Maɗori, wanda ya ɗauki sana'arsa gadon gida da amana, sau da yawa ba ya yanka farashi. Sai karaya ta kama, mutum ya taka ƙafarsa, sannan ya koma da abin da ya sawwaƙa. Malamin da ke rubutun sha yakan karɓi kafin alƙalami, wanda ɗan abu ne kaɗan, sauran kuwa sai buƙata ta biya. Gaskiya ne an yi bokaye masu tatsar jama'a, waɗanda ke neman baƙin bunsuru yau, gobe su nemi farin zakara. Amma jama'a da malamai duka sun san wannan zalunci ne, ba a kuwa ɗauke shi al'ada ba.

Wannan tsari yana da gindi a cikin fiƙihun da malamanmu ke karantarwa a zaure. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996, wadda da wuya a sami almajirin ilmi a ƙasar nan da bai sauke ta ba, ta halatta mutum ya yi sharaɗi da mai magani a kan cewa ba za a ba shi lada ba sai waraka ta samu, abin da malaman Malikiyya ke sanyawa a babin ji'ala. Mukhtasar na Shaihu Halilu kuwa, da ya zo lissafa abin da ya wajaba a kan miji na nafaƙa, ya ɗora masa ladan ungozoma, amma bai ɗora masa kuɗin magani da na ƙaho ba. Mutanen yau sukan yi mamakin wannan hukunci, kuma malamai da yawa na wannan zamani sun tafi a kan cewa al'ada ta sauya shi. Ni dai abin da na fahimta daga gare shi shi ne, a zamanin da aka rubuta shi magani sassaƙe ne da saiwa da ganye, bai kai matsayin abin da zai karya gida ba, balle a yi jayayya a gaban alƙali a kan wanda zai biya.

Kada dai mu yaudari kanmu game da wancan zamani. Maganin da ba shi da tsada sau da yawa ba shi da ƙarfi. Agana da sanƙarau da baƙon dauro sun yi ta share ƙauyuka, mata kuma sun yi ta mutuwa a kan gwiwa alhali ungozoma na tsaye ba ta da dabara. Shugabannin jihadi sun san da wannan gibi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya wallafa littattafai a kan ɗibbu, har da na ciwon ido da na basir, kuma da Bature Clapperton ya iske shi a Sakkwato a shekarar 1824, cikin abubuwan da ya nema a aiko masa daga Ingila har da likita. Abin da ƙasarmu ba ta samu ba shi ne irin gidajen jinya na waƙafi da aka yi a wasu biranen Musulunci, kamar wanda Sarkin Masar Mansur Ƙalawun ya gina a Alƙahira a shekarar 1284, ya tsayar masa da dukiya mai yawa wadda daga amfaninta ake biyan likitoci, a ciyar da majinyata, a sayi magunguna, har a yi wa wanda ya rasu ba shi da kowa likkafani, ba a tambayi mai shiga ko sisi ba. A nan hubusi, wato waƙafi, bai cika wuce masallaci da rijiya da maƙabarta ba. Nauyin marar lafiya ya zauna a wuyan dangi da maƙwabta da 'yan dubiya, waɗanda ba sa shigowa hannu rabbana; wanda kuwa ciwo ya naƙasa shi dungum, kamar makaho ko kuturu, sai ya koma unguwar 'yan uwansa ƙarƙashin sarkinsu, ya rayu da sadaka.

Da Turawa suka ci ƙasar, asibitocinsu na farko na sojojinsu ne da ma'aikatansu. Sai bayan da aka kafa baitulmali a masarautu, kafin Yaƙin Duniya na Farko, aka sami taskar da za a yi wa talakawa aiki daga cikinta. A ƙarshen shekarun 1920, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, En'e ta buɗe asibitin cikin birni, wanda daga baya aka sa wa sunan Murtala Muhammad; a gundumomi kuma aka yi ta gina ƙananan ɗakunan shan magani, kowanne da malamin asibiti guda, wanda ke wanke gyambo, ya ba da maganin zazzaɓi, ya yi allura. Magani a nan kyauta ne ko kuwa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Amma kyautar ta suna ce, domin talaka ya riga ya biya ta hanyar haraji da jangali, kuma a ganina wannan shi ne karo na farko da mai lafiya ya biya wa marar lafiyar da bai sani ba. Damuwar hukuma a lokacin ita ce yadda za a shawo kan mutane su zo, domin da yawa suna gudun asibiti, suna ganin wanda aka kwantar ba ya dawowa. 'Yan mishan su ma sun shigo ta wannan ƙofa: a ƙarshen shekarun 1930 ƙungiyar SIM ta karɓi kula da mazaunan kutare na Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa, a 1943 ta buɗe asibitin ido a Kano, a 1950 kuma ta kafa asibitin Galmi a ƙasar Nijar. Sukan karɓi kuɗi kaɗan, su yafe wa wanda ba shi da shi, da gudummawar majami'unsu na ƙetare; sarakuna da malamai kuwa ba su daina sa ido ba, saboda sun san wa'azi na tafe tare da maganin.

Bayan samun mulkin kai an yi yunƙurin kafa asusun lafiya na haɗin gwiwa tun da wuri, domin a 1962 Ministan Lafiya na Nijeriya, Dokta Moses Majekodunmi, ya kai wa majalisa ƙudurin haka, amma bai samu karɓuwa ba. Sa'an nan arzikin man fetur ya zo ya rufe maganar, har mutanen da suka yi jinya a shekarun 1970 suna ba da labarin yadda ake kwantar da mutum a asibitin gwamnati, a ciyar da shi, a ba shi magani, ya fita bai buɗe lalitarsa ba.

Wannan ni'ima ba ta daɗe ba. Farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka shiga tsuke bakin aljihu, har ya zama cikin hujjojin da Birgediya Sani Abacha ya bayar a jawabin juyin mulki na 31 ga Disamba 1983 akwai cewa asibitoci sun koma wuraren ganin likita kawai, ba magani, ba ruwa, ba kayan aiki. Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, alhali mafi yawan magunguna daga waje ake sayo su. A 1987 Bankin Duniya ya fitar da rahoto yana shawartar ƙasashe matalauta su riƙa cajin majinyata, a wannan shekara kuma ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, suka amince a riƙa sayar da magani a ƙananan asibitoci ana juya kuɗin don kada shagon ya ƙare. Niyyar ba mummuna ba ce, kuma an tanadi a yafe wa mabuƙata. Sai dai ba a faɗi wanda zai cike gurbin abin da aka yafe ba, saboda haka yafiyar ta zauna a takarda. A Nijar ma haka aka bi, sannan karyewar darajar sefa da rabi a watan Janairu 1994 ta ninka wa mutane wahala.

Daga nan aka shiga zamanin da muke ciki, wanda duk mai jinya ya san tsarinsa. A yanki kati, a biya kuɗin gado, a biya na gwaji. Sai ma'aikaciyar jinya ta miƙo 'yar takarda ta ce, «Baba, a je a sayo waɗannan,» a ciki akwai ruwan ƙari da allura da safar hannu da auduga, in aiki za a yi kuma a nemo leda biyu ta jini. Dattijo ya karɓa ya fito bakin baranda, ya juya takardar da ba ya iya karantawa, ya kira ƙanensa a ƙauye ya ce a kai tunkiyar nan kasuwa ko ba ranar kasuwa ba ce. In ba ta isa ba a jinginar da gona. In duk wannan ya gaza, sai a gan shi bayan sallar La'asar ya miƙe a sahun gaba, ya ɗaga takardar likita, ya ce, «Bayin Allah, ni ba maroƙi ba ne, 'yata ce ke kwance, a taimaka fi sabilillahi.» Mutumin da bai taɓa roƙon kowa ba a rayuwarsa, ciwon kwana uku ya kai shi ga haka, wannan kuwa abin kunya ne a kan al'umma, ba a kansa ba. Wasu sukan kai kukansu gidan rediyo, wasu kuma su sa hannu a takarda su ɗauke marar lafiyarsu zuwa gida, su koma ga mai kemis, wanda yake sayar da ƙwaya biyu ga wanda ba zai iya sayen katin magani guda ba.

A Nijeriya hukuma ta komo ga shawarar 1962 a makare. An yi dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 1999, aka fara aiki da ita a 2005, amma da yake daga albashi ake cire kuɗin, sai ta fara da ma'aikatan gwamnatin tarayya, wato waɗanda suka fi kowa samun abin biya. Manomi da makiyayi da mai tireda, waɗanda ba su da albashin da za a yanka, suka tsaya a waje, kuma har bayan shekara goma sha biyar waɗanda suka shiga cikinta ba su kai ɗaya cikin goma ba, yayin da fiye da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya ke fitowa kai tsaye daga aljihun mutane. Dokar lafiya ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar wanda aka kawo cikin gaggawa, ta kuma ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. Ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowa, ta ƙirƙiro asusu na musamman don marasa galihu. Jihohi sun kafa nasu hukumomin taimakekeniya, kamar yadda Kano ta yi a 2016.

Ta fuskar addini kuma, bayan dawo da shari'a an kafa hukumomin zakka a Zamfara da Sakkwato da Kano, inda ta Kano, wadda aka yi wa doka a 2003, ta haɗa zakka da hubusi a sunanta. Marar lafiya ba ya cikin sinfi takwas da Suratut Tauba ta ambata da sunansa, amma yana shiga ta ƙofar faƙiri da miskini, wanda bashin jinya ya danne kuma ya shiga ta ƙofar masu bashi, kuma ta wannan hanya an biya wa mutane da yawa kuɗin aiki da na magani. Sai dai zakka abar rabawa ce, a tara ta bana ta ƙare bana, ciwon ƙoda kuwa yana buƙatar wanki sau biyu ko uku kowane mako har iyakar rai. Abin da ke iya ɗaukar irin wannan nauyi shi ne waƙafi mai haihuwa, gona ko rumfunan kasuwa ko gidajen haya, kuma attajiranmu, waɗanda ba a raina su wajen gina masallatai, har yanzu kaɗan ne cikinsu suka juya ta wannan ɓangare. Nijar ta gwada wata hanya, domin a 2006 ta mayar da maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta, tare da fiɗar haihuwa, bisa alkawarin gwamnati za ta mayar wa asibitoci abin da suka kashe. Mata suka yi tururuwa da 'ya'yansu, amma biyan ya yi ta jinkiri har bashi ya taru shekara da shekaru, ɗakunan magani suka bushe, iyaye kuma suka koma karɓar takarda suna zuwa saye a waje.