Lamba 1000: Ɗan Kan Jirgin da Ya Fara Korar Kwal

Jama'a makiyaya da 'yan kasuwa, a shirinmu na tarihi mun leƙa tashar jirgin ƙasa. Duk wanda ya taɓa loda shanu ko buhunan kaya a tarago ya san dogon jiran da ake yi kafin jirgi ya tashi. Sai an jawo wannan tarago, an tura wancan, an jera kowanne bisa garin da za shi, kamar dai yadda kuke ware garke a kara, na sayarwa gefe, na komawa ruga gefe. Akwai ɗan ƙaramin kan jirgi da wannan ne kaɗai aikinsa, ba ya zuwa ko'ina. To a hannunsa ne man dizal, wanda wasunku ke cewa gazuwal, ya fara ƙwace aiki daga kwal.

Kan jirgi na da, da tururi yake tafiya. A hura kwal, a tafasa ruwa a ƙatuwar tukunya, tururin ya juya ƙafafu. A doguwar hanya ba laifi. Amma a cikin tasha asara ce, don kafin ya motsa sai an yi awoyi ana hura wuta, kuma ko yana tsaye yana jiran tarago wutar tana ci. Ga hayaƙi, ga toka, ga neman ruwa.

Wani Bajamushe, Rudolf Diesel, ya kammala injinsa a 1897. A 1912 aka gwada wani kan jirgi a Turai wanda injin dizal ke juya ƙafafunsa kai tsaye, bai yi nasara ba. Direbobin tirela sun san dalili: injin dizal ba ya ɗaukar nauyi daga tsaye, sai da giya da kuloci, in ba haka ba ya mutu. To wane kuloci ne zai jure taragai ashirin cike da kaya?

Dabarar da aka samo ita ce a raba injin da ƙafafu. Injin ya juya janareto, janareto ya ba da wutar lantarki, wutar ta bi waya zuwa wasu ƙananan injinan lantarki da ke maƙale a gindin ƙafafun. Shi injin lantarki tun daga tsaye yake da cikakken ƙarfi, ba ya neman giya. Wani injiniyan kamfanin General Electric, Hermann Lemp, shi ya ƙirƙiro hanyar da direba zai sarrafa injin da janareton da hannu ɗaya, ya yi mata rajista a 1914.

Dabara ta samu, saura mai saye. Doka ce ta kawo shi. A 1923 jihar Niyok ta Amurka ta kafa dokar da ake kira ta Kaufman, wadda ta ce daga farkon 1926 kada jirgin hayaƙi ya sake aiki a cikin birnin. Manyan layuka suna iya shimfiɗa wayar lantarki, amma ƙananan tashoshin kaya na bakin ruwa kuɗin ya fi ƙarfin cinikinsu.

Sai kamfanoni uku suka haɗa hannu. Ingersoll-Rand ya kawo injin, General Electric ya kawo kayan lantarki, American Locomotive Company ya ƙera jiki. A 1924 suka zaga da na gwaji, kamfanonin jirgi suka gani da idonsu. A watan Oktoba na 1925 kamfanin Central Railroad of New Jersey ya karɓi na farko da aka sayar, ya sa masa lamba 1000.

Da kun gan shi ba za ku ce kan jirgi ba ne. Akwatin ƙarfe ne kawai bisa ƙafafu takwas, nauyinsa tan 60, injinsa mai silinda shida da ƙarfin doki 300, da injinan lantarki huɗu a ƙasa. An yi masa mazaunin direba gaba da baya, ba sai an juya shi ba. Aka kai shi wata 'yar tashar kaya a unguwar Bronx, inda taragai ke zuwa bisa kwale-kwalen ƙarfe ta kogin Harlem. Wurin matsattse ne, layin dogon ma zagaye ɗakin ajiyar kayan ya yi kamar zobe. Nan ya zauna yana ja yana turawa. In aiki ya tsaya a kashe shi, in ya taso a tayar da shi nan take. Sai 1957 aka sallame shi, bayan shekara talatin da 'yan kai, yau kuma yana gidan tarihin jiragen ƙasa na birnin Baltimore.

Masu kamfani lissafi suke bi. Da suka ga abin da ake ragewa na mai da gyara da lokaci, sai suka ƙara girman injin suka fitar da shi doguwar hanya. Kafin 1960 manyan layukan Amurka kusan duk sun ajiye kwal. Jirgin da ke tashi daga Ngaoundéré zuwa Yaoundé a yau, da wanda ke bin layin Abuja zuwa Kaduna, duk wannan tsarin ne a cikinsu: dizal ya juya janareto, lantarki ya juya ƙafa.

Saboda haka in kun sake tsayawa a tasha kuna jiran a haɗa taragonku, ku dubi ɗan kan jirgin nan mai kai da komo. Daƙiƙar da ya rage muku, ita ce ke sa dabba ta isa kasuwa da sauran ƙibarta, tumatir kuma bai ruɓe ba. Allah ya kai kowa gida lafiya, ya sa albarka a nema.